Akushin da Garbai ya amsa

Garbai mai tufkar igiya ne a Gure, gajere, mai kaushin tafi da kaushin baki. Daga kwari yake yanko kabarsa, ya wuni yana tufka a gindin katanga, yana masifa da duk wanda ya taka masa aiki. Amma a unguwarmu wajen ciyayya aka fi saninsa. Bayan magariba kowane magidanci kan fito da akushinsa rufe da faifai, a jera a gaban Garbai. Shi kaɗai ke buɗewa. Sai ya juya mana baya, ya ɗebi na wannan ya zuba a wancan, ya daidaita, sannan ya turo. Mun ɗauka iyayin tsufa ne kawai, har shekarar da fara ta cinye gero.

A shekarar, rumbuna ya ƙare tun kafin bazara. Matata A'i ta koma dakan ƙwayar ƙarangiya, ita da yara. Kwana uku ina fita da akushi ba komai a cikinsa, don rashin fita ma tallan kai ne. Garbai ya ɗaga, ya ji ba nauyi, ko kallona bai yi ba.

Rana ta huɗu, an gama jera akusa ke nan, sai ga Aisami, yayan A'i, ya sauka daga Alakos. Da ma ya aiko min cewa in ya tarar da yunwa a gidana, zai ɗora ƙanwarsa da 'ya'yanta a raƙumi ya tafi da su.

Aisami mutum ne da bai san jira ba. Bai wanke hannu ba, bai bari a ce masa bisimilla ba, ya durƙusa ya fara ɗage faya-fayai ɗaya bayan ɗaya.

"Bari in ga abin da mutanen Gure ke ci," in ji shi.

Garbai ya ce, "Baƙo, ga ruwa nan. A nan ba a buɗe akushi sai an turo ma."

Bai saurare shi ba. Na farko tuwon dusa, na biyu dafaffen ganye. Nawa ne na huɗu. Ya ɗage na uku, ya ɗage nawa, ya ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa. Ba komai a ciki.

"Wannan fa? Na wane gida ne?"

Ni yake kallo.

"Nawa ne," in ji Garbai. "Matata Habsu ba ta ɗora tukunya ba yau. To, ka gani, hankalinka ya kwanta? Wanke hannunka, ka ci gabanka, ka bar leƙen na mutane."

Wani ya yi 'yar dariya. Aisami ya wanke hannu, ya ci a sunkuye. Ya kwana a zango wajen raƙumansa, da safe ya gaisa da A'i a zaure, ya wuce.

Kafin azahar labari ya kai rijiya. Mata suka riƙa yi wa Habsu, matar Garbai, habaici, matar da tuwonta bai taɓa yankewa ba. Aka laƙaba wa mijinta suna Mai Akushin Wofi, wai ci yake da gumin maƙwabta. Shekara shida ya yi yana amsa sunan, wani lokaci da zagi, bai taɓa cewa ba haka aka yi ba. Ni kuma ina zaune kusa da shi kullum, ina cin abin da ya turo min, kunya ta hana ni magana.

Ranar da muka kai shi makwanci, na je yi wa Habsu ta'aziyya da niyyar in faɗa mata gaskiya. Na fara ke nan ta ɗaga min hannu.

"Bari, Ɗanladi. Ni na zuba tuwon ranar nan da hannuna, na san abin da ke cikin akushina. Kai dai na yi ta jira ka faɗa yana da rai."