Hotunan da Suka Ƙi Zuwa Dogo

Ko na manta komai na shekarun da na yi ina aikin biro, wato ofis, a Damagaram, ba zan manta makon da hotuna suka ƙi bi na zuwa garin Dogo ba.

Shekarar fari ce, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara. Ƙungiyar da nake wa aiki ta raba wa asibitocin Dogo da Guna da Hamdara na'urar rajistar yaran da yunwa ta kama, ni kuma aka ɗora mini haɗa jagorar da ke ciki, wadda mutum zai buɗe in ya rikice. Rubutun da Faransanci ne, na san ba kowa zai bi shi ba. Sai na ɗauki hotunan maiɗakina tana auna damtsen ɗanmu, ga inda ma'aunin ke nuna kore, ga inda yake nuna ja. Na zuba su a dosiye guda, wato jakar ajiya ta cikin na'ura, kusa da rubutun. A na'urata komai tsaf, har ina jin kaina wani gwani.

Mai kwafe mana aiki a faifai wani dattijo ne, abokin mahaifina. Ya kwafa, aka aika Guna da Hamdara, na hau moto, wato babur, na kai na Dogo da kaina. Motar abincin yara za ta zo ran Alhamis, kuma yaron da ba a auna ba sai zagaye na gaba, bayan mako biyu.

Ma'aikaciyar asibitin sabuwa ce, ita kaɗai. Muka buɗe jagora. Rubutu na nan, amma duk gurbin hoto sai farin akwati wayam.

"Malam, ina hotunan da ka ce?"

"Suna nan," na ce.

Na koma birni na buɗe tawa, ga su nan suna kallona. Na zargi na'urarta, na zargi zafi, har faifan na zarga. Na sa aka kwafo wani, ran Talata na sake komawa, jiya i yau. Mata zaune a gindin bishiya da yara a cinya, ni ina ta danne-danne. Sai ma'aikaciyar ce ta ce, "Malam, ƙyale ƙarfen nan, nuna mini da hannunka." Kunya ta kama ni, kwana biyu wannan dabara ba ta zo mini ba. To amma wa zai nuna wa na Guna da Hamdara?

Ran Laraba na tsaya a kan dattijon yana kwafa. Da idona na ga ya janye dosiyen hotunan gefe.

"Baba, me ka cire?"

Ya yi ƙasa da murya. "Iyalinka ne, ɗana. Na ga ka manta su a ciki. Ya za a yi in bar matarka tana yawo ƙauye-ƙauye, kowa na kallonta? Nauyin faɗa maka na ji."

Na rasa fushi zan yi ko godiya. Mutumin nan asirina yake rufawa. Ni ne na sa wa dosiyen sunan ɗana, ban kuma rubuta a ko'ina cewa jagorar ba ta aiki sai da shi ba.

Na yanke hotunan ya rage hannuwa kawai, muka sake kwafa. Na samu na kai Guna. Hamdara kuwa sai da motar ta wuce na isa, yaran can suka jira mako biyu. Har yau ban iya tambayar ko dukansu sun kai lokacin da rai ba.

Tun daga nan, duk abin da aiki ya dogara da shi, sai na sa masa sunan aikinsa, na kuma gwada shi a na'urar da ba tawa ba. Abin da ba ka faɗa da bakinka ba, ko mai ƙaunarka zai iya ɓata maka shi.