Turbo a Motar Baba

Motar Baba ƙarama ce, fara, ta kusan shekara ashirin a hannunsa. Da ya yi ritaya daga koyarwa, ita ta zama ƙafarsa. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa gonarsa ta shinkafa a fadamar Kwalkwalawa. Laifinta ɗaya, in an ɗora mata buhu huɗu sai ta dinga nishi a hawa, masu keke Napep suna wuce mu. Abin ya tsaya mini a rai, ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai.

Na kai ta unguwar Gidan Igwai wurin bakanikenmu, wani dattijo ɗan Filato, na ce turbo nake so a sa mata, na'urar nan da ke cusa wa inji iska har ƙarfinsa ya ƙaru.

"Malam, ba a gina injin nan don wannan ba," ya ce. "Bari in goge bawul, in wanke kafireta, in sauya fulogi da salansa. Za ta ƙara ƙarfi daidai jikinta."

Na ce daidai jikinta ai shi ne ciwon. Muka yi ta ja har ya gaji. Da ya gama aikin, ya riƙe makullin bai sakar mini ba.

"Sharaɗi ɗaya. In an tsaya, a bar injin yana aiki a silo minti biyu kafin a kashe, turbon ya huce. Ka san zafin garin nan. Ka gaya wa Baba da kyau."

Ban gaya masa da kyau ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana Baba ba ya faɗa, yaya zan zaunar da shi in koya masa kashe motar da ya koya mini tuƙi a cikinta? Sau ɗaya na faɗa, kaina a sunkuye, kamar mai roƙon gafara. Ya ce to. Amma Baba mutum ne da in ya ji an tada iƙama, kafin motar ta gama tsayawa ya murɗe makulli ya nufi sahu. Barin inji yana cin mai a tsaye kuwa, a wurinsa almubazzaranci ne. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba, na yi shiru.

Wata bakwai ta yi tana hawa da buhu shida kamar ba komai, ina ta hura hanci. Ranar wata Juma'a cikin bazara, a hanyar Dundaye, hayaƙi ya turnuƙe ta. Turbon ya ƙone, baƙin mai ya tsiyaye, inji ya buga.

Baba bai yi mini faɗa ba. Wallahi da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya koma hawa keke Napep zuwa gona, gwiwoyinsa suka kasa jure girgizar hanya, ya rage zuwa, daga baya ya bar wa ƙaninsa noman. Ya zama mai zaman tabarma a zaure.

Sai bayan shekara na samo wani injin ɗan Kwatano, lafiyayye, ba turbo ba komai. Aka ɗora, na wanke ta tas, na kawo ƙofar gida na tada ta. Baba ya fito da sandarsa, ya dafa bonet, ya saurari ƙarar injin. Na miƙa masa makulli da hannu biyu.

"Allah shi yi albarka," ya ce. "Riƙe abinka. Wagga ba motata ba ta."

Ya juya ya koma zaure. Bai sake tuƙi ba har ya rasu.