Baba Mai Ƙwallo da Ƙarfen Barandarmu

Kafin sauran masu shaguna su buɗe, Baba Mai Ƙwallo ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jingina sandunan ƙarfe da bango, ya tsuguna yana zane da alli a kan siminti. Mai walda ne. Yana yin ƙofofi da ƙarfen taga da na baranda. A aljihun rigarsa, wadda tartsatsi ya huhhuda, akwai wani koɗaɗɗen ƙwallon roba da bai kai girman kan jariri ba. Nan sunan ya samo asali. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don hasken walda ya ci masa ido. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun yana ji.

Mun san shi ne da muka koma saman bene, lokacin 'yata tana rarrafe. Barandar ba ta da kariya sai wani ɗan gini da bai kai gwiwa ba. Kullum ƙofarta a kulle, shanya ma a ɗaki nake yi. Maigidana ya kira Baba, ya nuna masa hoton wani gida na ƙasar waje a waya: ƙarafa a kwance reras, da furanni a tsakiya.

Baba ya kai wayar dab da ido. "Ya yi kyau, ɗana. Tsani ne."

"Tsani kuma, Baba?"

"Wannan yarinyar mai cin igiyar takalmin nawa, baɗi war haka za ta taka na ƙasa, ta taka na sama. Daga nan sai ina?"

Sai dattijon nan ya durƙusa da furfurarsa, ya bi barandar da rarrafe. Maigidana ya ce, "Wani abu ne ya faɗi?"

"A'a. Ina duba gidan ne da idon mai gidan." Ya nuna yarinyar.

Ƙarafa a tsaye ya yi mana. Bai hana maigidana furanninsa ba, sai dai ya ɗaga su can sama inda ƙafar yaro ba ta kaiwa, kuma har yau baƙi suna yabawa. Ranar kafawa ya bi kowane tsakani yana tura ƙwallonsa. A na jikin bango sai ya wuce sumul. Baba ya sake jawo injinsa da ya riga ya naɗe.

"Haba Baba, wa zai lura da wannan?" in ji maigidana.

"Ita."

Ba mu kaɗai ba ne shaida. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, tela ce, ta ce sai da suka yi cacar baki da shi a kan tagar ɗakinta. Ita so take a garƙame ko'ina saboda ɓarayi, shi kuwa ya nace sai an bar gefe guda mai buɗewa da sakata daga ciki. Ranar da tukunyar gas ta kama a kicin, wuta ta tare ƙofa, ta nan ta fitar da 'ya'yanta. Takan ƙara da dariya, "Har surukata ta wuce, duk ƙibar nan."

Baba, kai ne wanda ba a rubuta sunansa a jikin gini. Ana yabon fenti, ana yabon mai zane, ba mai tambayar wanda ya auna tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kai ne mai gwiwar durƙusa wa ɗan wani.

Makon jiya ina shanya a barandar, na juya baya kaɗan. Tantabara ta sauka, 'yata ta sheƙa a guje. Kafin in yar da rigar da ke hannuna ta isa jikin ƙarafan. Ta tura kai, ya ƙi shiga. Ta ɗaga ƙafa tana laluben wurin takawa, babu. Sai ta zauna daɓas ta fashe da kukan haushi. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Na gode, Baba. Allah ya sanyaya idon nan naka.

Masu walda, magina, masu zana gidaje, da mu iyaye masu zaɓen hoto a waya: kafin a kafa ƙarfe, a sauka ƙasa a duba. Na tambayi Baba wa zai bar wa ƙwallon. Ya ce, "'Yata, ƙwallo ko'ina akwai shi. Mai durƙusawa nake nema."