Kunun da Kawu Ya Haramta

Shekarar da aka zaftare albashin ma'aikata, keken ɗinkin Babanmu a unguwar Briqueterie ta Yawunde ya yi shiru. Wanda bai ƙoshi ba, ina shi ina sabuwar riga? Karin kumallo ya ɓace a gidanmu. Sai mu kurkure baki mu kama hanyar makaranta.

Ina aji huɗu wata ƙungiya ta fara raba mana kunun masara da makala biyu, wato fanke, kowace safiya, kyauta. Cikin sati biyu masu gyangyaɗi suka farka, har waɗanda suka gudu talla kasuwar Mokolo suka dawo aji.

Sai Kawu, yayan Baba, ya sa baki. Tun da aka sallame shi daga tuƙin motar gwamnati ba shi da aiki sai zaman benci a shagonmu, yana warware matsalolin duniya da tsinken sakace a baki.

"Nasara ya ba ka abu a banza?" in ji shi. "Maganin hana haihuwa ne a ciki. Ni na yi yawo, na sani."

Yawon nasa bai wuce Obala ba, nan kusa da mu. Amma Baba ba ya musu da yayansa, ya ce kada in ƙara sha.

Kwana tara ina zaune gindin mangwaro ina jin ƙarar kofuna. Rana ta goma na faɗi a layi ana ɗaga tuta. Da na farfaɗo, malamarmu ta dafa ƙeyata ta kafa mini kofi a baki. Na shanye, na lashe gefen.

Da na gaya wa Inna, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Ki riƙa goge bakinki kafin ki biyo ta shago," ta ce.

A layin kunun ne na ga 'yar Kawu tana juye rabonta a gwangwanin madara tana rufewa da leda. Na tambaye ta na wane ne.

"Na Baba ne. Ya ce shi ya gama haihuwa, ba abin da zai yi masa."

Ita kuwa haka take wuni da yunwa.

Bayan shekara ɗaya ƙungiyar ta tattara tukwanenta ta tafi. Benci uku suka koma wayam a ajinmu. Kawu ya zauna a shago yana faɗa wa duk mai wucewa cewa shi ya tona musu asiri suka gudu.