Direba da Maharbi

Shekaranjiya na kai wayata gyara a wani shago da ke bakin kasuwa a Gusau. Ina tsaye ina jira sai na ji wani sauti daga bayan kanta: fiu, fiu, fiu, sannan ɗan ƙaramin dum. Ban san lokacin da na leƙa ba. Mai shagon ne, sa'ana, gemunsa har ya fara furfura, ya duƙufa kan wata tsohuwar kwamfuta yana harbin jirage a cikin baƙin sararin samaniya. Da ya ga na kama shi sai ya yi 'yar dariyar kunya, wai gwada na'urar yake yi. Na ce ya ci gaba da gwajinsa, ba zan kai ƙara ba. Amma har na koma gida sautin nan bai bar kunnena ba, don ba ranar na fara jin sa ba.

Bari in ba ka labarin kakana, mahaifin babana. Manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Bungudu, da rani kuma maharbi. Dogo ne, mai murya, mai tsokana, irin tsofaffin nan da in suka shigo gida kaji ma sai sun san an shigo. Wata safiya ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi ta. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka kawo shi gidanmu a Gusau saboda mu ke kusa da asibiti. Ƙafa ta ɗan dawo, harshe ya yi nauyi amma ana jin magana. Hannun dama ne ya ƙi, yana nan kwance a cinyarsa, yatsun a dunƙule.

Kai da ka tashi a gidan Hausa ba sai na faɗa maka abin da hannun dama yake nufi ba. Likita ya ce ya riƙa ci da hagu kafin Allah ya kawo sauƙi. Kaka ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ban ci da hagun ba ina yaro, ba ni ci da shi da hurhura." Sai ya zama Inna, mahaifiyata, ita ke ba shi a baki. Surukarsa fa! Loma biyu zai karɓa, ya juya fuska bango ya ce ya ƙoshi. Ina kallon mutumin nan yana ramewa, ba don ciwo ba, don baƙin ciki. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa ko yatsun za su farka. Ranar da aka kawo ƙwallon ya tura mini shi da ƙafa, ya ce in je in ba yara 'yan'uwana.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, gari ya cika da sababbin ofisoshi da masu neman a buga musu takarda. Baba ma'aikaci ne. Ya samo wata kwamfuta ta hannu ya ajiye a shagon da ke jikin zaurenmu, in ya taso daga ofis da yamma ya buga wa mutane. Wanda ya sayar masa ya bar wani wasa a ciki, ni kuwa na tono shi. Allo baƙi ƙirin, taurari a warwatse, ɗan jirginka yana ƙasa, jiragen abokan gaba suna saukowa jere-jere kamar tsuntsayen jan-baki sun ga gonar gero. Maɓallai biyu na kaucewa, dogo guda na harbi. Rai uku ake ba ka. In sun ƙare an cinye ka, ka sake daga farko.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, shagon kuma shi kaɗai ke da fanka mai aiki. Sai Inna ta ce in an kawo wuta da hantsi a riƙa kai Kaka can ya sha iska. Muna hutun makaranta. Shi yana kishingiɗe a kujera, ni ina gefe ina fama da jiragena. Muka yi kwanaki a haka. Rannan dai na ji murya a bayana.

"Mi a wanga?"

Na ce, "Yaƙi ne a sama, Kaka. Daga wata duniya suke zuwa."

Ya ƙara kallo, can ya ja tsaki. "Kai ko raggo na. Ba inda tsuntsu yake aka harbi ba, inda za shi."

Na ce, "Baki dai, tsoho. In ka isa zo ka gwada."

Jika ne kaɗai zai faɗa wa mutum irin Kaka wannan magana ya kwana lafiya. 'Ya'yansa ko idonsa ba sa iya kallo. Ni kuwa abokin wasansa ne, tun ina rarrafe muke rigima a kan wa zai ƙwace matar wani. Ya ce in jawo kujerar. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya ɗora shi a kan dogon maɓallin nan. Na ce ai da hagun zai fi masa sauƙi. Ya harare ni. "Da hagun aka harbi garinku?"

Haka muka raba aiki: ni ke tuƙi, shi ke harbi. Daga ranar ya sa mini suna Direba. Da farko hannun gaba ɗaya yake saki a kan maɓallin, harsashi ya yi ta tafiya a banza, ana cinye mu kafin a ce kwabo, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. In na kauce ba daidai ba ya ce ko jaki ba zai ba ni in kai kasuwa ba. In ya kuskure na ce ashe zomayen Bungudu don tausayi suke mutuwa. Yana dariya har yawu ya zubo ta gefen bakin da ya karkace, ya goge da hannun riga ya ce a sake. Ya fi ƙaunar wannan wurin, sakewar. Ya taɓa ce mini a daji in ka kuskure sau ɗaya ka koma gida da kunya, amma nan ga shi an kashe ka an ce tashi ka rama.

Aka koma makaranta, muka mayar da yaƙinmu bayan azahar, kafin Baba ya dawo. Baba ya sani sarai, amma ya yi kamar bai sani ba, don ɗa ba ya ganin uba yana wasa. In ya dawo da wuri sai ya tsaya a waje ya yi ta gyaran murya har mu kashe. Kafin ruwan farko ya sauka Kaka ya daina ɗaga hannun da na hagu. Da gero ya kai gwiwa, yatsa guda ya miƙe daga cikin dunƙulen yana danna maɓallin shi kaɗai. Ni na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Wata rana aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, Inna ta wanke hannu ta durƙusa za ta ba shi. Ya ce ta ajiye. Ya kai hannun dama cikin akushi, yana rawa, ya yanko 'yar loma. Rabi ya zube a riga, rabi ya isa baki. Inna ta tashi da sauri ta shige madafi, ina jin kukanta daga tsakar gida. Ranar Kaka ya cinye malmala guda ya nemi ƙari.

To, sai 'yan dubiya suka zo. Baffa, wan babana, shi ya kawo su: surukansa ne daga Tsafe, dattawa masu manyan riguna, sun zo duba majinyaci kamar yadda aka saba. Asabar ce da hantsi, Baba ya fita. Sun yi ta sallama a zaure, ƙarar fanka da ta harbi ba su bari mun ji ba. Mu kuwa mun kai wani mataki da ba mu taɓa kaiwa ba, inda wani ƙaton jirgi yake fitowa. Ya sakar mana wuta, Kaka ya ƙwalla ihu, "Wayyo, sun kashe ni! Saura rai guda!"

Baffa ya banko ƙofa, dattawan na biye da shi suna salati. Abin da suka tarar shi ne tsoho ba hula, rigarsa jiƙe da gumi, yawu a haɓa, yana yi wa kansa kirarin maharba a gaban akwati. Suka gaishe shi. Bai ko waiwaya ba, ya ce, "Ku dakata in gama da wanga." Sai da aka cinye mu ya juyo yana haki yana dariya, ya miƙa musu hannu. Hannun dama ya miƙa, a buɗe. Ba wanda ya lura. Babban cikinsu ya dubi Baffa da tausayi ya ce a hankali, "Allah shi ba da lahiya. Ashe abin har ya taɓa kai."

Kafin mako ya zagayo magana ta kai Tsafe ta dawo Bungudu: tsohon ya shiga gigin tsufa, yana zaune da yara yana harbin taurari, yana cewa ransa uku. A wurinmu tsoho in ya yi shiru ya rame, an ce ya natsu. In ya yi dariya da ƙarfi, an fara neman magani. Warkewa ce suka gani ƙiri-ƙiri suka kira ta hauka.

Baffa ya dawo ya zaunar da Baba a zaure bayan la'asar. Ina laɓe. Ya ce, "Mun zama abin magana. Mutumen da anka sani da girma, ka bari shi koma abin kallo gaban surukaina?" Baba ya sunkuyar da kai. Inna ce ta yi ƙarfin hali daga bayan labule ta ce, "Yaya, da hannunsa fa yake ci yanzu." Baffa ya ce wannan addu'a ce da rubutun da aka sha, ba akwatin Nasara ba. Ban musa addu'a ba, har gobe. Amma wa ya ce Allah ba ya amsa addu'a ta hanyar da ya ga dama? Baba ya san gaskiya, ya fi kowa sani. Sai dai ƙane ne, kuma ƙane ba ya ja da wa. Washegari aka kira wani ya goge wasan, aka samo motar da za ta mayar da Kaka ƙauye.

Ba wanda ya tambayi Kaka. An yi masa komai cikin ladabi, ana durƙusawa ana cewa iskar ƙauye za ta fi masa. Ya gane, ai ba yaro ba ne. Da aka sa shi a mota ya kira ni da ido, na matso. Ya ce, "Direba, an sallame mu aiki." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Da sallah muka je gaishe shi. An shimfiɗa masa buzu a zaure, an sa masa farar riga da rawani, an saƙala masa carbi a hannun hagu. Mutane na shigowa suna faɗuwa suna gaisuwa, suna fita suna cewa alhamdu lillahi, hankalinsa ya dawo. Na daman yana cinya, ya koma ya dunƙule. Da aka kawo abinci wani ɗan Baffa ya zauna ba shi a baki, ya karɓi kaɗan ya kawar da kai. Da zaure ya yi sauƙin mutane ya raɗa mini, "Suna nan suna saukowa?" Na ce an goge su. Ya ce, "To." Bai ga wata damina ba. A wurin zaman makoki na ji ana ta faɗin ya cika da girmansa, kuma kowa na amsawa da madalla. 

Yanzu yarana suna da wasanni a waya, masu mutane kamar na gaske, da jini da bindigogi. Ba na iya kallonsu. Mu nan mun ga bindigar gaske har ta ishe mu, gonar Kaka ma rabonmu da ita an daɗe. Shi ya sa ban yi mamakin ganin masu furfura suna komawa ga tsohon wasan nan ba. Abokin gabarka ba shi da fuska, ba shi da uwa da za ta yi kuka, ka san ta inda zai ɓullo, kuma in ka fāɗi ana barinka ka tashi.

Baba yana wurina yanzu. Ya bar aiki tuntuni, Baffa ya rasu, abokansa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, yini yana yi masa tsawo. Kwanan baya na samo irin wasan na sa wa ƙaramar 'yata a kwamfutata. Tana bugawa a falo, na lura Baba yana kallo ta wutsiyar ido, carbinsa ya tsaya cak. Ta ce, "Kaka, zo ka harba mini, ni in tuƙa." Ban koya mata ba. Na yi kamar ina duba waya. Can ya jawo kujera, bai dube ni ba ya ce, "Rufe ƙofa tukuna."

Na tashi na rufe. Ƙofa ce kawai, da sakata. Shagonmu na dā ma yana da irinta, ba mu dai sa ta ba ranar da Baffa ya zo.