Ƙayar Baffa

Har yau in na bi ta layin masu matsar man riɗi a kasuwar Rusairis, sai na ja mayafi na toshe hanci. Masu shagunan suna zaton iyayi ne irin na tsofaffin mata. Ba wari man yake mini ba. Ƙamshinsa ne yake ɗaukata cak ya dire ni a ƙauyenmu na Jazira, can gefen Wad Haddad, a tsakar gidanmu da la'asar, yayana na zaune bakin gadon igiya yana murtsuka damatsansa da man kafin ya fita kokawa. A wannan zaman da nake tunawa, ƙafafunsa biyu ne, duka biyun a ƙasa. Shi ya sa ba na son ƙamshin.

Kakanninmu daga ƙasar Hausa, can yamma, suka taso da niyyar Makka, hanya ta ƙare musu a gonar auduga a cikin Larabawa. Babanmu ba shi da hawasha tasa, wato gonar da ake yanka wa manomi a bakin ruwa. A ta wani yake noma a raba amfani. Shekara duka kai a sunkuye, sai ɗan tsakanin nan da dawa ta shiga rumbu auduga kuma ba ta fashe ba. A lokacin ne ƙauyukan Hausawa ke kiran juna kokawa. Ka ga mutanen da ba su da gona, ba su da kujera a ofis, ba su da wanda zai tsaya musu? To, a filin kokawa suke ɗaga kai. Ƙauyen da ya yi kaye, har ɗinkin rigar mutanensa daban yake a ranar kasuwa.

Mai horar da samarinmu Baffa ne, yayan babanmu. Tsohon ɗan kokawa ne, kunnensa ɗaya a murɗe, maganarsa ba ta da yawa. Zan yi masa adalci tun yanzu, don nan gaba ba lalle in iya ba. Ba mugu ba ne a gida. Aljihunsa ba ya rabo da dabino, kuma mu yara muka san hanyar aljihun. Ya kuma san abin da yake yi. Yakan ce ƙarfi ko jaki yana da shi, kokawa a ka take. Kafin kowa ya taɓa kowa, sai ya jera samarin a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, su zauna su rufe ido. Ya sa su ja numfashi a hankali su sake shi a hankali, har ƙirjinsu ya daina bugun gaggawa. Sannan kowa ya kawo abokin karawarsa cikin zuciya, ya ga inda zai kama shi, ya ga faɗuwarsa, tun ba a buga ganga ba. Ni ina kai wa babanmu abinci gona, nakan laɓe bayan ciyawa ina kallo, ina dariyar ƙattin maza sun rufe ido kamar masu jiran kwalli.

Game da ciwo kuwa magana ɗaya yake da ita, kuma duk ƙauyen an haddace ta.

“Ciwo baƙo na. In ba ka shimhiɗa mai tabarma ba, tahiya shika yi.”

Don ya koya musu korar wannan baƙo, yana da wani fili bayan tur'a inda ake zubar da rassan farar ƙaya da aka saro don shinge. Nan yake sa su taka ba takalmi, daga wannan gefe zuwa wancan, ido a kan wata bishiya da ke can nesa, numfashi yadda ya koya musu. Dokar kuwa, ba a cewa wash, ba a duban ƙafa, ba a cire ƙaya sai bayan magariba, kuma kowa shi zai cire tasa a inda ba mai ganinsa. Wanda ya ɗingisa a gaban mutane, Baffa ba ya dukansa. Cewa kawai yake a ba shi taɓarya ya je ya taya mata daka. Wallahi samarin sun fi son bulala.

Yayana shi ne zakaran wannan fili. Yana takawa kamar kan rairayi. Na taɓa ganin yatsan hannunsa ya goce ana tsakiyar wasa, ya ja shi ya mayar, ya ci gaba, fuskarsa ko gezau. Baffa ba ya yabon kowa, amma in ya dube shi sai ka ga gemunsa na motsi. Ni ma alfahari nake yi, ba zan ɓoye maka ba. 'Yan matan ƙauye suna ba ni ƙosai don kawai ni ƙanwarsa ce, ni kuma ina karɓa ba kunya.

Wata ƙaya ta karye masa a tafin ƙafar hagu. Ya tone da allura a bayan rumbu, gindin ƙayar ya fito, tsinin ya zauna a ciki. Wurin ya rufe, sai wani ɗan ƙullutu ya taso a gefen ƙafar, bai fi gujiya ba. Bai faɗa wa kowa ba. Me zai ce? An koya masa duk yadda ake haɗiye ciwo, ba a taɓa koya masa wanda ake faɗa wa ba.

Innarmu ce ta fara ganewa. Ta lura ya koma sa takalmi har a tsakar gida, ya kuma daina alwala a inda kowa ke yi. Ranar da take kakkaɓe tabarmarsa ta ga ɗigon ruwa ya bushe a wajen ƙafa, da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar baƙin riɗi. Na ga ta tsaya da tsintsiya a hannu ta daɗe. Amma yayana ɗan fari ne. In kai Bahaushe ne ba sai na yi maka dogon bayani ba: ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ko abinci ni take ba in miƙa masa. “Wancan” take ce masa. Uwar da za ta kama ƙafar ɗan farinta tana dubawa, sai an yi shekara ana ba da labarinta a bakin rijiya. Sai ta kira ni bayan ɗaki, murya ƙasa-ƙasa.

“Ke, tahi ki tambayi wancan, mi as samu ƙahwatai.”

Na je na tambaye shi. Ya yi dariya, ya ja mini kunne, ya ce in gaya mata ba komai.

Damina ta zo, baƙar lakar Jazira ta riƙe ƙafafun mutane, shi kuma yana cikinta har gwiwa yana cire ciyawa. Da kaka ta kewayo ƙullutun ya zama kumburi, ya buɗe 'yan ƙananan bakuna yana tsatstsafo da ruwa. Yana naɗe shi da tsumma ya ce don kada ƙasa ta zame masa ne. Ni kuwa tun ina yarinya bakina ba ya da linzami. Wata la'asar na ajiye kwanon abincin babanmu, na ratsa tsakiyar samarin suna zaune ido a rufe, na tsaya gaban Baffa na ce da ƙarfi:

“Baffa, ƙahwar Yaya na ruwa. Inna ta gani, ta ce a duba.”

Samarin suka buɗe ido, wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Baffa bai dube ni ba. Sai ya juya wajen yayana.

“Ɗana, akwai abin da ka damunka?”

“Babu, Baffa.”

“Kin jiya? Kalas, magana ta ƙare, koma gida.”

A daren ba a tambayi ƙafa ba. Ni aka tambaya wa ya aike ni. Babanmu ya zane ni don na kai sunan Inna gaban maza a kan ɗan farinta. Mata suka yi ta tsokanarta cewa ashe tana leƙen ɗanta, har ta daina fita ɗibar ruwa na wani lokaci. Abin da maganata ta jawo kawai shi ne Baffa ya kira wanzami ya yi wa kumburin sakiya da jan ƙarfe, a gaban samarin, don su ga yadda namiji ke yi. Yayana ya kafa ido a kan bishiyar nan yana jan numfashi. Ƙauri ya tashi, shi ko motsi. Aka yi ta kabbara.

A wannan kakar ya kayar da gwanin ƙauyen da ke gabas da mu, wanda ya daɗe yana hana mu sakat. Aka ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gida, mata na guɗa. Ina tafe a bayansu ina kallon tsumman ƙafarsa ya jiƙe sharkaf yana ɗiga a rigar wanda ya ɗauko shi. Baffa ne ya ɗaura masa tsumman da safe da hannunsa. Kada wani ya ce mini bai gani ba.

Wata daminar ta sake zuwa ta wuce. Ƙafar ta daina shiga takalmi, wari ya fara riga shi shiga ɗaki, amma in an tambaye shi amsar ɗaya ce. Sai da sanyi ya shigo ana tsinkar auduga, ya faɗi tsakanin kunyoyi da buhu a wuyansa, ya yi ta yunƙurin tashi ya kasa. Ko a nan bai kira kowa ba. Wata tsohuwa ce ta yi tuntuɓe da shi.

A bayan motar auduga aka kai shi wajen hakim, ma'aikacin lafiya na Wad Haddad. Da hakim ya warware tsumman sai ya ce nabit ne. Haka Larabawa ke kiran cutar, wai tsiro, don ƙaya ke shigar da ita daga ƙasa ta yi ta yaɗo cikin nama. Ya ce da an kawo shi tun abin yana ƙullutu, yankewa za a yi a ɗinke, ya koma gida da ƙafarsa. Yanzu ta kai ƙashi, sai dai babban asibiti a birni.

Babanmu ne ya fara dawowa daga birni, shi kaɗai, riƙe da wani ƙunshi cikin farin ƙyalle. Ya wuce da shi maƙabarta tare da liman, suka binne a gefe. Da aka dawo da yayana kuwa, aka sauke shi daga mota da sanduna biyu a hammata, wandonsa na hagu a naɗe daga gwiwa, Inna ta fito ba mayafi. Ta kira sunansa da ƙarfi, a gaban maza, a gaban matan da suka yi mata dariya. Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta faɗi ta rungume ƙafar da ta rage tana kuka, ba wanda ya ce mata ta yi rashin kunya. Na tsani ƙauyen nan duka a wannan rana, don sai da aka yanke ƙafar sannan aka yarda uwa ta taɓa ta.

Ka san abin da Baffa ya ce? Ya zauna a rumfar mai shayi yana ba da labarin yadda ma'aikatan asibiti suka yi mamaki, wai ana wanke dungulmin ɗansa ko uffan bai ce ba. Da fahariya yake faɗa. Ya ci gaba da kai samari filin ƙaya har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu da girmansa, aka cika maƙabarta. Ana cewa a faɗi alherin mamaci, na kuwa faɗa a baya. Amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba don in burge ka.

Yanzu a Rusairis muke, aure ya kawo ni, yayana ya biyo ni daga baya. Ɗinkin ragar masunta yake a inuwar gidana. Bai yi aure ba. Kokawa ta ja baya, yara sun koma ƙwallo, Hausar ma rabi da rabi suke yinta. Jikana yana buga wa wata ƙungiyar unguwa, kwanaki na kai masa ruwa fili na tarar mai horar da su ya zaunar da su ido a rufe, suna jan numfashi a hankali. Na ce a raina Baffa ya dawo. Sai na ji yana bin su ɗaya-ɗaya yana tambaya: ina ke maka ciwo, na gajiya ne ko na rauni? Na gajiya a daure, na rauni a faɗa. Wani yaro ya nuna idon sawunsa, aka ce ya fita ya zauna, ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin da ke kallo suna ta cewa yaran yanzu ragwaye ne. Na dube su na ce a raina, ragwaye masu ƙafa bibbiyu.

Da na ba yayana labarin sai ya ci gaba da ɗinkin ragarsa. Har gobe ba ya yarda a taɓa Baffa a gabansa. Cewa yake shi ya mai da su maza. Sai wata safiya cikin sanyin da ya wuce, na fito da shayi na same shi ya ajiye raga, ya rufe ido yana jan numfashin nan, gumi na keto masa. Hannunsa na ƙasa da dungulmin, yana matsa iska a inda babu komai. Na ce Yaya, lafiya? Na riga na san amsar da zai ba ni, har na juya zan tafi.

“Ciwo takai,” ya ce. “Tun randa anka yanke ta ba ta bari ba. Nan, ga tahin, inda ƙayar ta shiga.”

Na ce ya tashi mu tafi asibiti yanzu-yanzu, zan kira mota. Ya buɗe ido ya dube ni, furfura ta cika masa gemu.

“In nuna musu mi, ƙanwata? Tana Jazira cikin ƙasa.”