Kwalbar Jinin Malam Garba

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, amma wallahi abin nan ya faru da ni a Garwa, shekara tara ke nan, kuma har yau in na tuna sai hawaye.

Mijina Malam Garba mahauci ne, a unguwar Djamboutou muke zaune. 'Ya'yanmu maza uku. Babban ya faɗi a mayanka yana tsaka da fiɗa, na biyun ya faɗi yana alwala, ba ciwo ba zazzaɓi, zuciya ce kawai ta tsaya. A lokacin likita ya roƙi Malam ya bari a ɗebi jininsa, ya ƙi, ya ce ƙaddara ba ta shiga kwalba. Bayan shekara biyu shi ma ya faɗi a ƙofar gida. Sai autanmu Sani kaɗai ya rage mini.

Na ja Sani zuwa lopital, wato asibiti. Likitan ya ce a cikin jinin mutum akwai rubutu mai tsawon gaske, wani lokaci harafi ɗaya tak ke sauyawa, ya bi gida yana kisa. Ya ce akwai na'ura a Yawunde mai karanta shi, amma sai an samu jinin wanda cutar ta kama, a gwada da na Sani, a san inda za a duba. To ina zan samo? Duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ya ce mu dai kawo na Sani ranar Talata.

Talata da hantsi muka shiga labo, ɗakin gwajin jini. Matar da ke ɗiban jini ta duba sunan Sani, ta yi mini murmushi.

"Mama, ai baban yaron ya riga ku, tun ƙarfe takwas."

Na ce wane baba? Ta ce dogo, baƙi, babban yatsansa na hagu guntu ne, yana ta faɗa wai allurar ta fi wuƙarsa zafi. Wannan yatsan ni na ɗaure shi da tsumma ranar da wuƙa ta cire shi. Ta buɗe firij ta nuna mana kwalbar, Sani ya karanta sunan ubansa, ya zauna a ƙasa. Na tambaye ta ko ya bar saƙo.

"Cewa ya yi, ku duba da kyau, shi kaɗai ya rage mata."

Bayan wata huɗu takarda ta dawo. Sun ga harafin a kwalbar nan, sun gan shi a jinin Sani. Yanzu yana shan ƙwaya kullum, an hana shi kayar da sa a mayanka, likita kuma bai yi mini alƙawarin komai ba. In ya yi jinkirin dawowa daga kasuwa, a bakin ƙofa nake tsayawa, daidai inda ubansa ya faɗi.

Ban san wanda ya je labo ran nan ba. Ku dai, in likita ya nemi jininku saboda 'ya'yanku, ku bayar tun kuna da rai. Kada ku bari sai an taso daga kabari.